Baturen Ƙasa da Ba Bature Ba

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, lokacin da ake ta maganar mulkin kai amma bai zo ba tukuna, ni malamin gona ne na En'e a garinmu Wurno. Ban daɗe da gama makarantar aikin gona ba, ban yi aure ba, ina zaune gidan kakata ta wajen uwa, wadda ta rene ni tun rasuwar mahaifiyata. Aikina bai wuce zagaya ƙauyuka bisa keke ba, in duba iri, in yi wa manoma maganar taki, su saurare ni don ladabi, in na tafi su ci gaba da abin da suka saba.

Wata shekara bayan an gama girbin dawa, Baturen Gona ya aiko daga Sakkwato cewa gwamnati na son ta tare ruwan gulbi ta ja shi cikin fadama don noman rani. Kafin a fara, za a turo wani masanin ƙasa ya duba inda zai yi da inda ba zai yi ba. Aka ce ni zan raka shi, in kuma yi masa tafinta.

Ranar da ya iso na je bariki na tarar da mutum zaune a ƙasa gindin dogon yaro, ya tuɓe takalma, yana murza ƙasa a tafin hannu yana sunsunawa. Kakkaura ne, ba dogo ba, zai girme ni da shekara goma sha wani abu. Gashinsa baƙi wuluk, a miƙe kamar na wutsiyar doki, fatarsa kuwa ja ce mai duhu-duhu. Na gaishe shi da Turanci, ya amsa da wani irin Turanci mai ja wanda sai da na yi kwanaki kafin kunnena ya saba da shi. Ya ce daga Amurka yake, ya yi soja lokacin yaƙi, bayan yaƙi ya yi karatun ƙasa da shuka, yanzu kuma an ɗauke shi wannan aiki na rani guda.

Mutanen gari suka yi ta gardama a kansa. Wasu suka ce Balarabe ne, wasu suka ce Buzu ne da ya tashi hannun Nasara. A ƙarshe dai, tunda akwai Baturen Gona da Baturen Daji da Baturen Shanu, sai aka sa masa Baturen Ƙasa. Da na fassara masa sunan ya yi dariya, ya ce rabinsa gaskiya ne.

"Ni ba Bature ba ne," in ji shi. "Kafin Turawa su zo ƙasar da ake kira Amurka, akwai mutane a cikinta, ƙabilu da yawa, kowace da harshenta. Tamu Turawa na ce mata Ceroki, mu kuwa muna cewa Jalagi."

Na taɓa ganin hoton irin mutanen a makaranta, da gashin tsuntsu a ka, suna zaune cikin tantin fata. Na tambaye shi ko haka suke a gida. Ya ce waɗancan wasu ne daban, mutanen fili masu bin dabbobin daji. Nasa mutanen manoma ne tun asali, masu zama gari, suna gina ɗaki da itace, suna shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya, waken na hawa karan masara, kabewar na rufe ƙasa. Na ce ai mu ma haka muke yi da gero da wake. Ya ce ya gani a hanya, shi ya sa tun daga Gusau bai ji baƙunci sosai ba.

Muka fara aiki. Yana da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, a kafa shi a ƙasa a yi ta juyawa yana nutsewa, in an zaro ya fito da ƙasar ciki. Sai ya duba launinta, ya jiƙa ta da miyau ya mulmula, wani lokaci har ya ɗanɗana don ya ji ko akwai kanwa. Inda muka haƙa sai mu kafa turke. Ba shi da yawan magana, kuma in kana yi masa magana ba ya kallon tsakiyar idonka, sai ya duƙar da kai yana saurare. Dattawa suka so shi saboda wannan, suka ce yana da kunya irin ta Fulani.

Abu ɗaya ya ɗaure wa mutane kai. In mun kwana kusa da gulbi, tun rana ba ta fito ba sai ya gangara bakin ruwa, ya fuskanci gabas, ya ɗebi ruwa ya yi ta zubawa a fuska da ka, yana magana a hankali. Masunta suka ba da labari a gari cewa Baturen Ƙasa na alwala yana kallon alƙibla. Da na tambaye shi, ya ce ba salla ba ce irin tamu. Al'adar mutanensu ce, zuwa ruwa da safe don a wanke zuciya daga abin da ya dame ta, kuma gabas suke kallo don can rana ke fitowa. Ya ce mahaifiyarsa 'yar coci ce, ba ta fashin zuwa, amma wanta shi ya riƙa kai shi rafi tun yana ƙarami, ita kuma ba ta taɓa hanawa ba.

A ƙauyen Dinawa ba mu sami wata matsala ba. A Lahodu ne muka wayi gari muka tarar an tumɓuke turakun da muka kafa jiya, an tara su wuri ɗaya a gefen hanya, an ɗaure da igiya tsaf, ko ɗaya bai ɓace ba. Muna tsaye sai ga manoma sun taho, wani dattijo mai farin gemu a gaba. Bayan gaisuwa ya ce da ni:

"Malam, kai ɗanmu na. Hwaɗa muna gaskiya, waɗanga turaku na mi na? Gonar ga ubana ya noma ta, ubanai ya noma ta. In anka kawo ruwa, wa ad da ita?"

Ni a lokacin abin da aka koya mini in faɗa shi ne, ba wanda za a taɓa wa gona. Har na fara faɗa, baƙon ya dafa mini kafaɗa ya ce in fassara masa tambayar tukuna. Na fassara. Sai baƙon ya ce:

"Ka gaya masa turakun nan na nuna inda na ɗebi ƙasa ne kawai, ba iyaka ba ne. Wannan na sani. Amma abin da za a yi da gonarsa in ruwa ya zo, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Ka ce ya je ya tambayi hakimi tun yanzu, da shi da sauran, kada su jira sai an fara haƙa."

Na faɗa musu haka. Dattijon ya dube shi, ya ce to wannan magana ce. Ya ce mu haƙa ramukanmu mu ɗebi ƙasa, amma kada mu bar turke. Baƙon ya yarda, daga ranar sai ya riƙa zana wurin a taswirarsa da alamar itace ko suri.

A hanyar komawa ne, muna tura kekuna cikin rairayi, ya gaya mini dalili. Ya ce a da ƙasarsu ta kowa ce, ta ƙabila duka. Wanda ya share wuri ya noma, amfanin nasa ne, amma ba ya iya sayar da ƙasar. Zamanin da ubansa ke yaro sai gwamnati ta turo masu awo da sarƙa da turaku, aka yanka ƙasar gunduwa-gunduwa, aka ba kowa tasa da takarda. Aka ce don amfaninsu ne. Kafin shi ya yi wayo, yawancin gonakin sun koma hannun baƙi, wasu ta hanyar bashi, wasu ta haraji, wasu an sa tsofaffi sun dangwala hannu a kan abin da ba su iya karantawa ba. Ya ce kakansa har ya mutu in ya ga mai awo sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ga shi yau jikansa na yawo da turaku a ƙasar wasu.

Mun gama gefen Wurno muka nufi ƙasar Rabah. A Rara zazzaɓi ya kama shi. Da fari ya ce ba kome, yana shan ƙwayar maganinsa, amma washegari ko tsayuwa ba ya iyawa. Motar da ta kawo shi ta koma Sakkwato, ba ta dawowa sai ƙarshen mako. Na nemi jaki aka ɗora shi, muka kamo hanyar Wurno a hankali. Na yi niyyar kai shi bariki, amma kukun ya tafi ganin gida, ba kowa sai mai gadi. Sai na wuce da shi gidanmu, na shimfiɗa masa tabarma a ɗakina na zaure na biyu, na kira malamin asibiti ya yi masa allura.

Kaka ta leƙo ta dube shi. Da wasan jika da kaka, Maigida take ce mini.

"Maigida, wanga shi na Nasaran da aka hwaɗi?"

Na ce shi ne, amma ya ce shi ba Nasara ba ne.

"Ai ko ni na gani. Shina da uwa?"

Na ce yana da ita, tana can ƙasarsu.

"To tashi ka hura wuta. Ɗan mutane ba shi mutuwa gidana da yunwa."

Ta dama masa kunun tsamiya, ta dafa ganye aka yi masa turare, ta sa na riƙa shafa masa ruwa a jiki. Ba ta yarda da Turawa ba ko kaɗan, ko D.O. ya zo gari ba ta fita kallo, amma wannan ta ɗauke shi tamkar ɗan ɗakinta. Da ya fara samun sauƙi sai ya riƙa fitowa tsakar gida da la'asar ya zauna bisa turmi, ita tana kaɗi, ni ina tsakani ina juya magana.

Ita ta fara tambayarsa ko ƙasarsu akwai gulbi kamar namu. Ya ce inda aka haife shi akwai rafuka da tuddai, amma ba can ne asalinsu ba. Asalinsu wata ƙasa ce can gabas, mai manyan duwatsu da dazuzzuka, hazo na kwanciya bisa duwatsun kamar hayaƙi. Shi bai taɓa zama can ba, sau ɗaya ya je ya gani.

"Mi yar raba ku da ita?" in ji Kaka.

Ya ce Turawa ne suka yi yawa, suna son ƙasar noma, sannan kuma aka ga zinariya a wurin. Mutanensu sun yi duk abin da aka ce shi ne ci gaba. Suna da majalisa da alƙalai da makarantu, har da jarida da harshensu. Suka kai ƙara babbar kotun ƙasar, aka ce su ke da gaskiya, amma hukuncin bai hana kome ba. Wasu 'yan kaɗan daga cikinsu suka sa hannu a takardar ba da ƙasar ba da yawun sauran ba, da wannan takarda aka turo soja.

Labarin ya zo masa ne daga kakar mahaifiyarsa, wadda ke ƙaramar yarinya a lokacin. Ta ce suna cin abinci soja suka shigo, ba a bar su sun ɗauki kome ba sai abin da ke jikinsu da tukunya guda. Kafin gidan ya ɓace musu, sun hango wasu na kora shanunsu. Aka tara su cikin shinge kamar garke, suka yi bazara a ciki, gudawa da ƙyanda suka kashe yara da tsofaffi. Da sanyi ya kama aka sa su hanya zuwa yamma, tafiyar watanni, yawanci a ƙasa. A wani babban kogi ruwa ya daskare, jirgi ba ya iya ƙetarewa, ƙafa kuma ba ta iya takawa, suka zauna bakin gaɓa cikin sanyi suna jira.

Nan na tsaya, don Kaka ba ta gane ba. Na ce mata ruwan gulbi ne ya koma ƙanƙara tun daga wannan gaɓa har waccan. Ta ajiye mazari ta ce, "Gulbi ɗungum? Subhanallahi."

Ya ce a nan uwar yarinyar ta rasu, aka rufe ta gefen hanya, da safe aka wuce. Dubbai ne suka mutu a tafiyar. Suna kiranta hanyar da aka yi kuka. Wasu kaɗan sun ɓuya cikin duwatsu ba a kama su ba, jikokinsu na can har yanzu. Ya ƙara da cewa ba su kaɗai suka yi tafiyar ba. Masu arzikinsu na da bayi baƙar fata, su ma an tafi da su, suna ɗauke da kayan iyayen gijinsu, kuma ba a cika ba da nasu labarin ba. Ya faɗi wannan yana kallon ƙasa. Na fassara yadda ya faɗa.

Kaka ta gyara zama. Sannan ta ce in gaya masa ita ma ta yi tafiya. Na san ta yi hijira tana yarinya, kowa a gidan ya sani, amma ban taɓa jin ta ba da labarin daga farko har ƙarshe ba sai ranar.

"Shekarar da Nasara sunka shigo Sakkwato, ban kai aure ba. Babanmu yac ce ba shi zama ƙarƙashinsu. Mutane na ta tahiya gabas, anka ce Makka za a. Munka bar rumbu cike da gero, munka bar awaki ɗaure. Innarmu na goye da ƙanena. Garin da munka shiga, wasu su ba mu ruwa, wasu su ruhe ƙohwa don tsoro. Ƙanen nan nau ga hanya yam mutu, ƙarƙashin wata tsamiya anka ruhe shi, yau ko an kai ni ban gane ta. Da anka yi yaƙi can gabas, babanmu yat tahi bai dawo ba, ba mu ga gawatai ba. Wan innarmu shi yaj jawo mu gida. Munka iske wasu cikin ɗakinmu."

Baƙon ya tambaya ko sun sami gidan. Ta ce sun samu, bayan an je gaban alƙali, kuma shi ne wannan da muke zaune ciki. Sai ta ce:

"Hwaɗa mai tamu ba ta kai tasu ba. Mu da ƙahwarmu munka tahi, ba wanda yas sa muna bindiga ga baya. Kuma mun dawo. Bayin gidanmu su ma sun bi mu, biyu ba su dawo ba, ban san inda sunka ƙare ba."

Ya ce a gaya mata wanda ya rufe ɗan'uwansa a hanya ya wuce, ba a auna masa tafiya da tsawo. Ta ce haka ne, Allah ya jiƙan na baya. Ta ɗauki mazarinta, shi kuma ya koma ɗaki ya kwanta.

Kwanakin da suka biyo baya hirarsu ta fi sauƙi. Kawuna, wan mahaifiyata, malami ne mai koyar da littattafai a zaurensa, yakan zo gaida Kaka kullum bayan la'asar. Da baƙon ya ji dangantakarmu sai ya miƙe ya sake gaishe shi da girmamawa. Ya ce a wurinsu wannan shi ne babba a kaina, ya fi uba. Su dangi ta wajen uwa ake bi. Suna da zuriya bakwai, akwai ta kyarkeci, ta barewa, ta tsuntsu da sauransu, kowane yaro zuriyar uwarsa yake ɗauka, kuma ba a aure cikin zuriya ɗaya. A da gida da gona na mace ne, miji shi ke tarewa wurinta, in zama ya ƙi sai ta fitar masa da kayansa ƙofar gida. Wan uwa shi ke horon yaro, shi ke koya masa farauta da ladabi.

Kaka ta yi dariya har da tafa hannu. "Ka ji mutanen kirki! Maigida, ka kiyaye ni, in ka ɓata mini rai kayanka na waje."

Kawu kuwa rubutunsu ne ya ja hankalinsa. Baƙon ya share ƙasa da tafin hannu ya zana wasu alamu da tsinke, wasu kamar baƙaƙen boko an juya su, wasu masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Ya ce kowace alama gaɓa guda ce, ba harafi ba, sun fi tamanin. Wani mutuminsu ne maƙerin azurfa ya ƙirƙiro su, wanda bai iya karatun kowane harshe ba. Ya dai ga Turawa na magana da takarda, ya ce mu ma za mu iya. Ya yi shekaru yana fama, mutane na cewa ya haukace ko maita yake yi, har ranar da ya gwada da ƙaramar 'yarsa gaban dattawa, aka raba su, ya rubuta abin da aka faɗa masa, ta karanta. Ba a daɗe ba tsofaffi da yara suka iya.

Kawu ya tsuguna ya daɗe yana duban zanen, sannan ya rubuta sunan garinmu da ajami kusa da shi, ya ce a tambaye shi ko yaransu na koyon nasu har yanzu. Baƙon ya ce kaɗan. Mahaifiyarsa na karantawa sosai, shi kuwa da ƙyar. An kai shi makarantar kwana ta gwamnati yana ƙarami, aka aske masa kai, kuma duk wanda aka kama yana harshen gida sai a wanke masa baki da sabulu. Da ya dawo hutun farko kakarsa na yi masa magana yana amsawa da Turanci, ta juya masa baya. Daga baya ne ya sake kama harshen, amma akwai kalmomin da sun tafi. Kawu ya ce to ya riƙe abin da ya rage da kyau.

Ya koya mana kalmomi kaɗan. Ruwa ama ne, gishiri ma ama ne, sai dai a ja murya daban. Na ce ai mu ma haka gari da gari suke, na zama da na tuwo. Muka yi ta gwada na juna, kowa na kuskure, matan gida na dariya daga madafa.

Da ya ji ƙarfi ya ce yana son ya dafa wa Kaka abincin gidansu. Namiji baƙo a madafa ba abu ne da aka saba gani ba, amma ta ce a bar shi. Aka samo busasshiyar masara, ya tafasa ta da ruwan toka har ɓawon ya saluɓe, ya wanke, aka daka masa a turmi. Ya ce turminsu ma na itace ne, sai dai taɓaryarsu kanta mai nauyi na sama. Ya kwaɓa garin da dafaffen wake, ya ƙunsa cikin ganyen masara, ya jefa a tafasasshen ruwa. Bai sa gishiri ba, ya ce in an sa wargajewa yake yi. Kaka ta ɓare ɗaya ta ci, ta tauna a hankali.

"Wanga tubani na da bai ji kayan haɗi ba," in ji ta. Ta sa aka kawo man gyaɗa da yaji da gishiri ta barbaɗa, ta ce yanzu ya zama abinci. Shi ma ya ci da yajin, hawaye na zuba, yana cewa gaskiyarta.

Sauran aikinmu a ƙasar Goronyo muka yi shi. Lokacin ruwa ya ja baya, ana su, wato kamun kifi na taro, a tafkunan da gulbi ya bari. Ranar da ba mu fita aiki ba ya naɗe wando ya shiga cikin masunta. Homa, ragar da suke kamu da ita, ba ta karɓe shi ba, amma da aka ba shi mashi sai ga shi yana soke kifi cikin ruwa mai duhu kamar wanda aka haifa a gidan Sarkawa. Ya ce da irinsa suke kamun kifi a rafukansu, kuma tsofaffinsu na daka wani ɗan itace su zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, kamar yadda ake yi da majimfa a nan. Sarkin ruwa ya ba shi babban giwan ruwa, ya ce a kai wa tsohuwar da ta yi jinyarsa, don labarin ya riga mu zuwa.

Kafin damina ya gama. Ya nuna mini abin da ya rubuta wa waɗanda suka aiko shi. Yawancinsa maganar laka da rairayi da kanwa ce, amma a ƙarshe ya ƙara cewa in za a raba fadama, a fara zama da masu noma ta, a bar kowa kusa da inda yake. Ya ce ba aikinsa ba ne faɗin haka, mai yiwuwa ba wanda zai karanta wurin.

Ranar tafiyarsa ya zo sallama da safe. Kaka ta ba shi zane saƙi, wanda aka saƙa da zaren da ta kaɗa da hannunta, ta ce na uwarsa ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsuguna, ya ce mata wado, wato na gode da harshensu. Ta ce Allah ya kai shi lafiya, ya iske tsohuwa da rai. Na raka shi bariki, mota ta ɗauke shi zuwa Sakkwato.

Wasu ne daban suka zo suka yi aikin ruwan bayan 'yan shekaru. Lokacin an maishe ni Rabah, na yi aure, labari kawai nake ji. Wasu manoman sun sami wuri mai kyau suka yi arziki da albasa da shinkafa, wasu an matsar da su nesa da inda suka gada, suna ƙorafi har suka tsufa. Ban san ko an karanta abin da ya rubuta ba.

Shi kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar mini adireshi, na rubuta sau ɗaya bayan an sami mulkin kai, amsa ba ta zo ba. Kaka ta rayu har ta ga ɗana na fari, aka yi suna a tsakar gidanta, ta rasu cikin azumin shekarar da ta biyo.